Kasuwar Singa: Inda Tsofaffin Motoci Ba Su San Ritaya Ba

A wannan wata fita za mu yi. Ki ɗauko hijabinki da takalmin da ba ya tsoron ƙura, domin cikin Kasuwar Singa ta birnin Kano za mu ratsa. Sai dai yau idonmu ba a kan buhunan sukari da katan-katan na taliya zai tsaya ba, zai tsaya ne a kan motocin da ke ɗaukarsu, musamman ma tsofaffin cikinsu, waɗanda wasu sun girme ni da ke a shekaru amma har gobe suna bakin aiki.

Na san wata za ta ce, Malama, ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mace da tsohuwar mota? To ki yi haƙuri ki biyo ni. Kusan duk abin da kike ɗebowa a sito ki zuba a tukunya, sai da ya hau bayan wata mota kafin ya iso kantin unguwarku. Bayan haka kuma, gidajenmu da dama akwai wata tsohuwar mota kwance a ƙofar gida, tayoyi sun sace, awaki sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa, magada kuma sun rasa yadda za su yi da ita. Kin ga kuwa magana ta shafe mu.

Ina ne Singa?

Kasuwar Singa tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, a tsakiyar hada-hadar kasuwancin Kano, wajejen titin Ado Bayero da titin Bello. Maƙwabtanta manya ne: ga Kantin Kwari ta atamfa da shadda, ga Kasuwar Sabon Gari da 'Yankura, ga kuma tashar jirgin ƙasa ba nisa. Ita ba irin kasuwar da aka zagaye da katanga aka yi mata ƙofa guda ba ce. Gidaje ne manya-manya da sito-sito da shaguna a jere a gefen tituna, kowane gida da sunan da aka san shi da shi, lungu ya shiga lungu, har baƙo ya rasa inda kasuwa ta fara da inda ta ƙare.

Sunan kuwa, 'yan kasuwar na danganta shi da kantin kamfanin keken ɗinki na Singer da ya taɓa zama a wurin. Wato dai keken nan baƙi mai zanen ruwan zinari da kakanninmu suka yi ɗinki da shi, shi ya bar wa kasuwar suna. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Singa kasuwar sari ce ta kayan masarufi. Sukari, fulawa, shinkafa, taliya, madara, man girki, gishiri, tumatirin gwangwani, sinadarin ɗanɗano, sabulu, omo, biskit da alawa, duk a nan ake sauke su da yawa, a nan kuma ake rarraba su. Masu saye na zuwa daga jihohin Arewa, har da Nijar da Chadi da Kamaru. Shi ya sa idan farashi ya motsa a Singa da safe, kafin a kwana biyu uwargida a Gumel ko Maraɗi ta ji a jikin kuɗin cefanenta.

Idan za ki shiga, ki yi sammako, ki kuma tafi da wani naki wanda ya san gari. Da rana ta ɗaga, titi kan cushe. 'Yan dako ɗauke da buhu a ka suna kiran a ba su hanya, masu baro da masu kura suna kutsawa, A Daidaita Sahu na neman inda za ta sa kai, ga hayaƙin gas, ga ƙamshin sabulu ya gauraya da na fulawa. Wanda ya ɗauko buhu mai kilo 50 ba ya iya tsayawa don ke, saboda haka da kin ji an ce hanya, sai ki raɓe.

Daga raƙumi zuwa roka

Dakon kaya a wannan yanki ba yau aka fara ba. Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin raƙuma da fataken da suka keto Sahara ke sauka. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantuna da sito a tsakanin tasha da Fagge, aka kuma kafa Sabon Gari domin baƙin da aikin jirgi da kasuwanci ya kawo. Jirgi iyakarsa inda aka shimfiɗa masa dogo. Abin da zai ɗauko gyaɗa daga ƙauye ya kawo tasha, ya kuma mayar da gishiri da kananzir, da farko jaki ne da raƙumi, daga baya lori ta karɓe su. Dattawa har yanzu suna tuna zamanin Bedford, motar Ingila mai bodin katako, wadda ta yi dakon kaya da mutane tare.

A shekarun 1970, da kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanonin waje aka kafa masana'antun harhaɗa motoci a cikin ƙasa. Peugeot, wadda muke kira Fijo, ta fara fitowa daga Kaduna a 1975. Volkswagen tana Legas, Leyland tana Badun, Steyr tana Bauci, Fiat kuma tana nan Kano a kan titin Zariya. Manyan motocin Mercedes-Benz, wato Marsandi, aka shiga harhaɗa su a Inugu daga farkon shekarun 1980. Wannan zamani ne ya yi daidai da ƙarin albashin Udoji, lokacin da ma'aikata da yawa suka fara mallakar abin hawa. Yawancin tsofaffin motocin da za ki gani a yau 'ya'yan wancan lokaci ne.

Tsofaffin da ke bakin aiki

Mu tsaya a gefen wani sito mu yi kallo. Mafi yawan abin da za ki gani a yanzu tireloli ne da ke kawo kaya daga masana'antu da tashoshin ruwa, sai Kanta da J5 da 'yan ƙurƙura masu rarraba su cikin gari. Amma ki ƙara haƙuri. Jefi-jefi za ki ji wani ruri mai kauri, ƙasa na ɗan girgiza, sai ga wata babbar mota ta kunno kai, hancinta gajere mai zagaye kamar goshin sa, da tauraro mai tsini uku a gaba. Wannan ita ce Marsandi 911, irin manyan motocin da ake kira roka. Kamfanin ya fara yin wannan ƙira mai gajeren hanci a Jamus a 1959, ya kuma ci gaba da yin ta don ƙasashen waje har tsakiyar shekarun 1990, saboda ƙasashe irin namu sun ƙi sakin ta.

Ki dubi bayanta da kyau. Kamfani kai da inji da shasi kawai ya sayar. Bodin aikin kafintocinmu ne da maƙera: katako mai ƙwari, an ɗaure da ƙarfe, an yi masa tsani a gefe. Sannan mai fenti ya zo ya yi nasa. Wata an zana mata zaki, wata dawisu, wata masallaci da dabino, wata furanni kamar zanen gado. A goshi ko a baya kuma ga rubutu, ko dai addu'a ko karin magana, irin su haƙuri maganin zaman duniya. Ba za ki taɓa samun guda biyu da suka yi kama sak ba. Duk wanda ya ce mutanenmu ba su san ƙawata mota don sha'awa ba, bai tsaya ya kalli bayan roka ba.

Ga yaron mota can ya diro tun ba ta gama tsayawa ba, riƙe da guntun katako, ya sa mata waigi a ƙarƙashin taya. 'Yan dako su jeru, mai lissafi da takarda a hannu, a fara lodi. Lodin ma ilimi ne: mai nauyi a ƙasa kuma a gaba, marar nauyi a sama, sabulu nesa da fulawa don kada ta ɗauki ƙamshi. In an gama a ja tamfol a ɗaure da igiya. Daga nan sai hanyar Haɗeja, ko Daura, ko wata kasuwar ƙauye da kwalta ba ta kai ba.

Ƙanwarta a wannan aiki ita ce akori-kura ta Fijo. Ƙirar 404 ta fito a Faransa a 1960, ƙirar 504 kuma a 1968, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Faransa ta daɗe da daina yin 504 amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wadda ta girma a shekarun 1980 ta san wannan mota: ita ce motar gwamnati, ita ce motar tasha mai zuwa Kaduna da Jos, ita ce motar kai amarya. A yau sun yi ƙaranci, amma in kin yi sa'a za ki ga wata akori-kura an yi mata lodin katan har ya fi ta tsawo, bayanta ya zauna, tana tafe a hankali kamar tsohuwa mai ɗauke da tulu.

Me ya hana su mutuwa?

Dalili na farko shi ne sauƙin ƙira. Waɗannan motoci ba su da kwamfuta a cikinsu. Komai ƙarfe ne da waya da roba, abin da ido ke gani hannu ke taɓawa. Gogaggen bakanike yana jin ƙarar inji zai gaya maka inda ciwon yake. In ta tsaya a daji, direba da yaronsa da sifana da guduma sukan lallaɓa ta ta kai gari. Motar zamani kuwa in ta yi gardama, sai an nemo mai na'ura ya jona mata ya karanta.

Dalili na biyu, an yi su da ƙarfe mai kauri, ƙasansu a ɗage yake, ga sifirin mai jure rami da gargada. Na uku, da yake a nan gida aka harhaɗa su shekara da shekaru, kayan gyaransu sun wadata, masu gyaran ma sun wadata.

Dalili na huɗu kuwa shi ne babba, wato hali. Sabuwar babbar mota kuɗinta ya fi ƙarfin mai ƙaramin jari, balle tun da darajar naira ta yi ta faɗuwa daga 1986 zuwa yau. Mutumin da ya gaji roka daga mahaifinsa, da ita yake ciyar da gida, da ita yake biyan kuɗin makaranta, da ita zai yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Bayan shi ga direba, ga yaron mota, ga 'yan dako, ga bakanike, kowa da iyalinsa. Mota ɗaya tukwane nawa take ɗorawa? Don haka ranar da ta kwanta, ba ƙarfe kaɗai ne ya kwanta ba.

In kina son ganin asibitinsu, ba sai kin yi nisa ba. A cikin Sabon Gari akwai layukan masu sayar da kayan gyaran mota. A Kwakwaci, cikin ƙaramar hukumar Fagge, akwai matattarar makanikai. A Kasuwar Ƙofar Ruwa kuma ake samun tsofaffin ƙarafa da sassan motocin da aka yanka. Aikin a rarrabe yake kamar na asibiti: mai inji daban, mai giya da kuloci daban, rewaya mai harkar wuta daban, mai buga jiki da walda daban, mai kujeru daban, mai fenti daban. Idan wani ƙarfe ya ɓace a kasuwa, akwai masu injin sassaƙa ƙarfe da za su kalli tsohon su fitar da sabo. Sau da yawa mota uku ake yankawa a tayar da ɗaya. Mafi yawan masu wannan aiki ba su yi makarantar koyon injiniya ba, a hannun ubangida suka koya tun suna yara masu miƙa sifana. Abin da ke damuna shi ne, masanan tsofaffin injuna suna tsufa, yaran yanzu kuma sun fi karkata ga sababbin motoci da babura, ilimin kuma ba a rubuce yake ba.

A wasu ƙasashe, abin sha'awa ne

Abin da mutanen Singa ke yi don neman abinci, a Turai da Amurka masu hali ne ke yin sa don nishaɗi. Mutum zai sayi mota mai shekara 50 da ta ruɓe a wata rumfa, ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya yi shekara biyu ko uku yana neman kayanta na asali, har ta dawo kamar ranar da ta fito daga kamfani. Suna da ƙungiyoyi da mujallu da ranakun baje koli. A Jamus, motar da ta kai shekara 30 kuma aka adana ta da kamanninta na asali ana ba ta lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, alamar kayan tarihi ce. A Ingila, duk watan Nuwamba ana jerin gwano daga Landan zuwa garin Brighton, tafiyar kusan mil 60, kuma motar da aka ƙera kafin 1905 kaɗai ake bari ta shiga. A 2022 an sayar da wata Marsandi ƙirar 1955 a kan yuro miliyan 135, domin guda biyu tak aka taɓa yi irinta.

Amma waɗanda suka fi kama da mu su ne mutanen Kyuba. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta sa musu, sababbin motocin Amurka da kayan gyaransu suka daina shiga. Dole ta sa makanikan Habana suka riƙa ƙera abin da babu, suna dasa injin wata a jikin wata. Da tafiya ta yi tafiya, waɗannan motoci na shekarun 1950 suka zama abin da baƙi ke biyan kuɗi su shiga a zaga da su gari. Abin da talauci ya adana ya koma abin alfahari.

Kada kuma ki ɗauka harkar mota ta maza ce tun asali. A watan Agusta na 1888, Bertha Benz, matar Karl Benz wanda ya ƙera motar farko mai amfani da fetur, ita ta fara yin doguwar tafiya da mota a duniya. Ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu daga Mannheim zuwa Pforzheim, garin mahaifiyarta, tafiyar kimanin kilomita 100. A hanya ta sayi mai a kantin magani, bututun mai ya toshe ta zare tsinken hularta ta buɗe shi, birki ya cinye ta sa baduku ya liƙa masa fata. Sunan Mercedes ɗin ma sunan wata yarinya ne, 'yar wani ɗan kasuwa mai suna Emil Jellinek da ke sayen motocin kamfanin Daimler.

Mu ma muna da namu

Adana mota don tarihi ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gidan sarautar Kano ya shahara da wata tsohuwar Rolls-Royce ta farkon shekarun 1950, wadda jama'a suka sha ganin marigayi Sarki Ado Bayero a cikinta. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas kuma, an ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, da hudojin harsashi a jikinta. Ɗan makarantar da ya tsaya gaban wannan mota ya fahimci abin da shafi goma na littafi ba zai fahimtar da shi ba.

Ko sitiyarin mota ma yana ba da labari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu 1972. Saboda haka in kin ga tsohuwar mota mai sitiyari a dama a wani gida, mai yiwuwa ta riga canjin hannu zuwa ƙasar nan.

Sannan mu mata, wa zai koya mana tara kayan da? Ki tuna jeren kakarki: tasoshi da kwalla da langa da fanteka, an goge an jera har rufin ɗaki, kowace da sunan yayinta da labarin wanda ya saya. Ki tuna keken Singer da na ce ki riƙe. Gidaje nawa ne har yau ake ɗinki da keken da aka saya tun kafin a haifi mai taka shi? Ana ɗiga masa mai, a sauya masa bel, a rufe shi da ƙyalle in an gama. Wadda ta san darajar wannan keke ta riga ta fahimci mai tsohuwar mota, ko da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Bambancin kawai, mun ɗauki tsohon abu a matsayin shaidar rashi, shi ya sa da an samu sarari sai a rabu da shi. Kwallayen da aka yi ta bayarwa a karɓi roba, yanzu ga shi ana neman su ido rufe.

Idan akwai irinta a gidanku

To yanzu mu dawo kan waccan mota da ke kwance a ƙofar gida. Abu na farko, kuma mafi gaggawa, shi ne yara. An sha jin labarin ƙananan yara da suka shiga yasasshiyar mota suna wasa, ƙofa ta rufe da su, zafi da rashin iska suka yi ajalinsu kafin a farga. Don Allah uwargida, yau ɗin nan ki sa a kulle ta da makulli, har da but, ko kuma a cire mata abin da ke riƙe ƙofa gaba ɗaya. Wannan ba ya jiran taron dangi.

Na biyu, in motar marigayi ce, to dukiyar gado ce kamar gida da gona. Ba ta zama ta babban wa don shi ya iya tuƙi, ba ta kuma zama ta wanda aka ajiye ta a ƙofarsa. Mata da 'ya'ya mata suna da rabonsu a ciki. Hanya mai kyau ita ce a kira wanda ya san mota ya yi mata kuɗi, wanda ke sha'awar riƙe ta ya biya sauran magada haƙƙinsu, ko su bar masa da daɗin rai. In akwai marayu ƙanana, rabonsu ba a yin kyauta da shi. Barin ta tana ruɓewa shekara goma don ana jin nauyin magana, asara ce ga kowa.

Na uku, kada a yi saurin kiran 'yan gwangwan. Su a kilo suke saye, ba ruwansu da ƙira ko shekara. A fara tambayar makanikai biyu ko uku. Wata motar da za a auna a matsayin ƙarfe, fitilunta da gilasanta da tambarinta kaɗai sun fi abin da za a bayar.

In kuwa an yi niyyar tayar da ita, ga tsarin da masu abin ke bi. A fara duba takardunta, a tabbatar lambar shasi da ta inji sun dace da abin da ke rubuce. Sai a duba ƙasanta, domin tsatsa a shasi ita ce babbar cuta; in ta ci wurin, kuɗin gyara zai fi kuɗin mota. Kada a yi mata ki da tsohon man da ya shekara a tanki, a zubar da shi, a sauya baƙin mai, a wanke lagireto. Birki kafin fenti: duk robobi da bututun birki a sauya su, ko da sun yi kyau a ido. Taya ma tana tsufa ko ba a taka ta ba. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Wayoyin wuta a bi su ɗaya bayan ɗaya, don tsohuwar waya ita ke jawo gobara. Kwalliya ita ce ta ƙarshe. Duk abin da aka cire na asali a adana shi, kada a yar. A kuma yanke abin da za a kashe tun farko, a yi shawara da uwargida, domin sha'awa ba ta shiga gaban cefane da kuɗin makaranta.

Wajen tuƙi kuma a san cewa tsohuwa ce. Birkinta bai kai na motar yanzu kamawa ba, da yawa ba su da bel, ba su da jakar iska. A sa mata bel, a bar tazara, a guji gudu da tafiyar dare, kada kuma a bar ta tana aiki a rufaffen gareji, don hayaƙinta na kisa kamar na janareta. Wannan nasiha ta haɗa da masu roka. Son da muke yi wa tsohuwar mota ba zai sa mu rufe ido ga wadda ake yi wa lodin da ya fi ƙarfinta ba, ko wadda ke tafe da birkin da aka ɗaure da addu'a kawai. Ran mutane ya fi buhu goma na ƙari. Matan direbobi da iyayensu, ku riƙa tuna musu.

Inda tafiyar ke ƙarewa

Ko motar da ta mutu murus, a Kano ba ta tafiya a banza. Ki leƙa madafinki. Tukunyar alminiyum ɗin nan mai kauri ta dafa abincin biki, daga narkakkun tsofaffin ƙarafa ake zuba ta, ciki har da sassan inji. Murhun da ake ɗora mata, sau da yawa tsohon rim ne. Kurfoti daga fallen ƙarfe, guga daga tiyub, takalmi da igiyar ɗaure kaya daga taya, wuƙa da fartanya daga sifirin. Motar da ta yi shekara 40 tana kawo miki abinci, in ta gama sai ta dawo ta zama abin dafa shi.

Abin da nake fata shi ne, kafin a yanka ta ƙarshe, a samu masu hali da hukumomin tarihi su ware ko da 'yan kaɗan: roka ɗaya da bodinta da zanenta, akori-kura ɗaya, Fijo ɗaya 'yar Kaduna, Fiat ɗaya 'yar Kano, a gyara a ajiye inda 'yan makaranta za su je su gani. A kuma zauna da tsofaffin direbobi da makanikai a naɗi abin da suka sani tun suna raye. Ke ma kina da naki: in akwai hoton mahaifinki tsaye jikin motarsa, ki adana, ki rubuta shekara da sunan motar a baya, ki ba yara labarin inda ta je da abin da ta ɗauko.

In Allah ya sa kin shiga Singa sayayyar azumi ko ta biki, kika ji wancan ruri mai kauri a bayanki, ki raɓe ki ba ta hanya, ki kuma yi wa direbanta addu'ar sauka lafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema, ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.